Kati Na Goma Sha Huɗu

Akwai kati guda ɗaya da Farfesa Abdulmumini ya yi shekara goma sha ɗaya yana cewa zai gyara, bai gyara ba. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma bai taɓa ɓoye wa kansa ba. Gyaran bai wuce a soke kalma ɗaya a rubuta wata ba, kuma ɗakin da katin yake ajiye bai kai taku ɗari daga ofishinsa ba. Ya sha tashi da biro a hannu, ya kai bakin baranda, sai ya tuna da wani taro ko wata takarda da ke jiran sa hannunsa, ya juya.

Katin na cikin wani wasa ne da ya ƙirƙiro tun yana Dokta a sashen koyar da gine-gine na makarantarsu a Gombe. Darasinsa shi ne tafiyar da aikin gini: yadda ake tsara ranaku, a raba ma'aikata, a san aikin da ke jiran wani. Ɗalibai ba sa son darasin, suna kwafar allo ne suna hamma. Sai ya zana wani kwali mai gidaje kamar na ludo, ya rubuta katuna arba'in, ya sa wa abin suna Ɗan Kwangila. Ana kasa aji ƙungiya shida, kowace da akwatinta, kowace kuma za ta gina bene mai hawa biyu a kan kwalin. Zagaye ɗaya na wasan yana matsayin mako ɗaya na gini. Ƙungiyar da ta riga kammalawa ita ce mai maki mafi yawa.

A gwajin farko wasan ya ƙi ƙarewa. Lacca awa biyu ce. Shi kuwa dekin, wato kankaren da ake zubawa tsakanin hawa da hawa, sai ya yi mako uku kafin a cire katako da gorar da ke tokare da shi. Ɗalibai suka yi zagaye uku a zaune ba abin yi, hayaniya ta tashi, lokaci ya cika babu ƙungiyar da ta kai ga rufi. Washegari ya sake rubuta kati na goma sha huɗu: An zuba dekin. Jira zagaye ɗaya, sannan ka cire katako.

Mista Ernest, ma'aikacin wakshop ɗin sashen, mutumin Kaltungo, shi ne ya yanka 'yan katakan wasan, shi kuma ya lulluɓe katunan da leda. Da ya zo kan wannan katin sai ya tsaya.

"Oga Dokta, wannan ɗaya ne ko uku?"

"Ɗaya ne."

"Mako ɗaya a cire gora? Ai ko tuwon da ya kwana ya fi wannan kankaren tauri."

Abdulmumini ya yi dariya. "Wasa ne kawai, Mista Ernest. A aji zan gaya musu gaskiyar."

Ernest ya juya kan aikinsa. Ya tura katin cikin na'ura, ya fito da ɗumi, yana sheƙi.

Kuma Abdulmumini ya gaya musu, a shekarar farko. A ta biyu ma ya faɗa, a taƙaice, suna tattara jakunkuna. Daga nan sai ya zamana wasan na ƙarewa ne cikin ihun waɗanda suka ci da gardamar waɗanda aka ci, shi kuma ba ya son ya ɓata musu. Ya gwada sakamakon ɗaliban da suka yi wasan da na waɗanda ba su yi ba, ya ga tazara mai faɗi, ya rubuta maƙala. Wata mujalla ta ƙasar waje ta buga ta tare da dokokin wasan baki ɗaya, har da katin, babu wanda ya tambaya. Shi ma bai rubuta a ko'ina cewa ya gajarta jiran ba. Da wannan maƙalar aka fara saninsa, ita ce kuma a sama cikin takardun da suka kai shi kujerar farfesa.

A duk ɗaliban da suka wuce ta hannunsa babu gwanin wasan kamar Suhaib. Har ranar Asabar yakan roƙi Ernest mabuɗi su zo su buga da abokansa. Da ya gama karatu ya samu aikin kula da wani bene a unguwar Gabukka, Ernest ya roƙe shi ya ɗaukar masa ƙanensa Lazarus a matsayin kafinta, ya ɗauke shi. Kwana tara da zuba dekin, mai ginin ya ce yana buƙatar katakon a wani gininsa da ke Malam Inna. Suhaib ya ba da izini. Lazarus ne ke ƙarƙashi yana buge gora lokacin da kankaren ya sauko. Bai mutu ba, amma bai sake tsayawa da ƙafafunsa ba.

Shekara shida ke nan. Masu bincike sun ce simintin bai isa ba, rodin ma ƙanana ne, an kuma cire katako da wuri. Babu wanda ya ambaci wani wasa. Abdulmumini ya bi ayarin malaman sashen zuwa asibiti, ya tsaya a baya, ya ce Allah ya ba da lafiya tare da kowa. Tun daga ranar yake gaisawa da Ernest kullum, Ernest na amsawa da ladabi, ba ragi ba ƙari. Da mutumin zai tsare shi sau ɗaya ya ce na gaya maka, da ya samu abin da zai amsa. Bai taɓa cewa ba.

Abin da yake riƙe da shi duk tsawon shekarun shi ne bai sani ba. Wataƙila simintin ne. Wataƙila ko an bar gorar wata biyu sai ya faɗo. A kan wannan wataƙilar yake jingina, ya ci gaba da rarraba akwatuna shida kowace shekara. Gyara katin kuwa tamkar amsa laifi ne, tamkar kuma ya ce maƙalar da ake jinjina masa a kanta an gina ta a kan dokar da ya san ba gaskiya ba ce.

A farkon wannan zangon Dokta Bashira ta shigo ofishinsa da wayarta a hannu. Tsohuwar ɗalibarsa ce, yanzu abokiyar aiki, ita ce ta ci gaba da binciken daga inda ya tsaya. Ta ajiye wayar a gabansa. Ga kwalinsa nan a fuskar wayar, da launuka, da 'yan leburori masu motsi.

"Malam, Ɗan Kwangila ya shiga waya. Makarantu biyar sun karɓa, ɗalibai sun haura dubu biyu. Na ce sai ka fara bugawa da hannunka kafin ranar ƙaddamarwa."

Ya buga. Tana yi masa dariya wai yana danna waya kamar mai sa hannu a takardar kotu. Ya zuba dekin. Zagaye ɗaya ya wuce, wani maɓalli kore ya fito. Ya danna, gorar ta ɓace, wayar ta yi 'yar ƙara mai daɗi, taurari uku suka bayyana.

Ya daɗe yana kallon taurarin.

"Bashira, wannan dokar ba daidai ba ce. Zagaye uku ya kamata. Ni na gajarta, don lacca ta isa. Ban rubuta a maƙalar ba."

Ya yi zaton ƙasa za ta motsa. Shekara goma sha ɗaya yana tsoron wannan jimlar. Bashira ta ɗauki wayarta tana murmushi.

"Ai mun lura, Malam. Mun ma gwada uku. Rabinsu suna rufe manhajar kafin jiran ya ƙare. A waya, in ka sa mutum ya jira, ya tafi ke nan."

"To su tafi."

"In suka tafi ba su koyi sauran katuna talatin da tara ba. Kuma duk bayanan da muka tara a kan dokarka ne. In muka sauya, ba za a iya gwada su da naka ba, aikin shekara uku ya zube." Ta sassauta murya, irin yadda ake yi wa dattijon da ya gaji. "Wasa ne kawai, Malam. A aji za a gaya musu gaskiyar."

Maganarsa ce. Shi ya koya mata.

Ranar Asabar da hantsi ya tuƙa motarsa zuwa unguwar Hammadu Kafi, inda aka ce Suhaib na da shagon tayil. Ya bar aikin gini tun bayan abin da ya faru. Ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa a gemu tun bai kai shekarunta ba. Ya miƙe da sauri, ya goge kujera da hannun rigarsa.

"Sa, da kanka? Ko gini za ka yi? In tayil ne ka zo gidansa, wannan ko an cire shi da wuri ba ya kashe kowa."

Ya yi dariya shi kaɗai, dariyar ta mutu. Abdulmumini ya zauna. Suka gaisa, suka tambayi iyali, suka yi maganar zafi. Sannan ya yi tambayar da ta kawo shi, yana fatan amsa ɗaya cikin biyu: ko Suhaib ya ce bai ma tuna da katin ba, ko ya ce ba a taɓa gaya masa ba.

"Ka san kwana nawa dekin ke yi kafin a cire katako?"

"Ashirin da ɗaya, Sa. Ka tambaya a jarrabawa, na rubuta, ka ba ni maki cikakke."

"To me ya sa?"

Suhaib ya juya wani ɓallen tayil a hannunsa. "Alhajin mai ginin ya matsa. Ya kira ni sau shida a yini ɗaya. Na hau saman, na taka, na buga da guduma, na ji tauri." Ya ajiye ɓallen. "Na sani, Sa. Ba rashin sani ba ne. Tsoron ne babu. Ashirin da ɗaya sau ɗaya na rubuta shi a takarda. Amma a wasan na cire gora a mako ɗaya ya fi sau arba'in, ban taɓa ganin komai ya faɗo ba. Tafi ma ake yi mini."

Wata mata ta leƙo tana tambayar farin tayil na banɗaki, ya ce mata ta dawo da yamma.

"Ba ina ɗora maka ba ne, Sa," ya ce. "Ni na ba da izini. Ni nake zuwa gidan su Lazarus duk Lahadi bayan sun taso daga coci, in ɗauke shi in fito da shi inuwa. Ka tambaya ne, na faɗa."

Abdulmumini ya koma mota ya zauna bai tayar da ita ba. Wataƙilar da ya jingina da ita shekara shida ta tafi, bai kuma samu komai a madadinta ba. Zai iya rubuta wa mujallar. Su buga layi uku a shafin da ba wanda ke karantawa. Zai iya tsayawa ranar ƙaddamarwa ya yi magana. A tafa wa tawali'unsa, a wuce zuwa cin abinci. Wayoyi dubu biyu na cikin aljihun yaran da ba zai taɓa gani ba, kowace na ba da taurari uku. Lazarus kuwa ba abin da zai tashe shi.

Ranar Litinin, saura awa ɗaya laccarsa, ya fito daga ofis, ya kai bakin baranda, bai juya ba. Ernest na tsaye a wakshop yana wasa zarto. Shi ma ya tsufa, saura masa shekara ɗaya ya ajiye aiki.

"Mista Ernest, ina son mabuɗin kabad."

Ernest ya ciro shi daga aljihu ya miƙa. Abdulmumini ya sauko da akwatunan shida ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a kan teburin aiki, ya zaro kati na goma sha huɗu daga kowanne. Ledar ta yi ja saboda hannuwa. Ya ɗora biro a kan kalmar ɗaya ya ja. Biron ya zame, bai bar komai ba. Ya sake ja da ƙarfi, ya sake zamewa.

Ernest ya ajiye zarton. Ya buɗe durowa, ya ɗauko baƙar maka irin wadda yake sa alama da ita a jikin ƙarfe, ya ajiye ta kusa da hannunsa.

"Biro ba ya kama leda, Farfesa."

"Na gode."

"Ba za su gama wasan ba yau."

"Ba za su gama ba."

Ernest ya tsaya yana kallo, bai taya shi ba, bai kuma koma kan aikinsa ba. Abdulmumini ya cire murfin makar, ya soke ɗaya, ya rubuta uku a samanta da manyan baƙaƙe. Ya ajiye katin gefe don tawadar ta bushe, ya jawo na biyu.