Wa Ke Bin Hanyar Kuɗi?

Birame Diop na tsugune a gindin motar Sadou Barry, yana shafa ƙarfen bayan taya kamar mai tayin akuya. Ya ɗago yatsa ya duba. Fes, ko ɗigon jar lakar Rufisque babu. Barry na tsaye riƙe da bokiti.

Tun farkon damina direbobin kifi na bakin tekun Mbour suka haɗa baki cewa ba mai sake bin hanyar kuɗi, wadda sai an biya ake hawa, zuwa Dakar. Kamfanin da ke riƙe da ita ya ƙara farashi, a daidai lokacin kuma aka tone tsohuwar hanya a Rufisque aka bar ta a tone. Wai gyara ake yi. Birame, wanda shi ne shugaban direbobin, bai taɓa ganin gyaran da ke korar mutane zuwa ƙofar mai karɓar kuɗi ba sai wannan. Sharaɗin da suka kafa mai zafi ne. Duk wanda aka kama ya bi ta can, za a cire shi daga layin lodi har kakar kifi ta wuce.

Jiya kuwa, a gaban wakilin gwamna, mutumin kamfani ya yi murmushi ya tambaye su wace ƙauracewa suke magana a kai, alhali kullum motar kifi daga Mbour na wuce ƙofarsu. Da aka ce ya faɗi mota, sai ya ce ba sa tona asirin mai ciniki. Birame ya dawo gida yana kallon kowa da gefen ido. Direbobi suka yanke a zauna yau bayan magariba a fitar da mutumin, kuma tun kafin zaman rabin bakin teku ya riga ya zaɓi Barry. Baƙo ne daga Gine, ba ya zaman shayi, ba ya musu, ga mota kullum tsaf. Iyalinsa kuwa da wannan layin suke ci.

"Bawana, me kake nema ƙarƙashin motar mutane? Shinkafa ce ta zube?"

Gora Ndiaye ne, yana tafe yana ɓare gyaɗa. Dangin Ndiaye da na Diop abokan wasa ne tun kakanni, ba abin da ɗaya ba ya iya gaya wa ɗaya. Birame ya miƙe yana dafa gwiwa, ya ce da shinkafa ce ta zube ai da wani Ndiaye ya riga shi lashewa.

"To ka daina wahalar da bawan Allah," in ji Gora. "Ni ne nake bi. Kullum. Yarinyar da ke ƙofa har sunana ta sani."

Masu ɗaukar kwanduna suka kwashe da dariya. Birame ma ya dara, ya dubi motar Gora da ke can gefe, laka ta rufe ta har madubi. Ya ce masa mai irin wannan ƙazamar mota ko kyauta ba za a bar shi ya hau hanyar masu kuɗi ba.

Ranar Birame da kansa ya tuƙa, don ya ga hanya da idonsa. Ya tashi ya bar Gora ana fara zuba masa ƙanƙara. Tun daga Bargny motoci suka cushe, a Rufisque kuwa aka tsaya cak. Rana ta take, ruwan ƙanƙara na ɗiga daga bayan mota, ƙudaje sun fara taruwa. Ya zauna yana bin direbobinsa ɗaya ɗaya a zuci. Wannan ya sayi sabuwar waya. Wancan matarsa ta haihu. Kowa ka duba da kyau sai ka ga yana da dalili.

Ya Codou mai kofi ta ratso tsakanin motoci da butarta. Tsohuwa ce da ta san duk direban da ya taɓa makalewa a nan, kuma tun da aka tone hanya kasuwarta ta buɗe. Ta miƙa masa kofi ta taga, ta tambayi iyali. Birame, kamar ba da wata manufa ba, ya tambaye ta ko ɗan Ginen nan na wucewa. Ta ce kullum, shi ne ma mai sayen kofi ba sukari, ya zauna yana goge gilashi da tsumma kamar zai kai amarya.

"Ubangidanka ne dai ban gani ba," ta ce. "Gora. Ko ya bar tuƙi ne? Tun ruwan farko rabona da shi."

Birame ya riƙe kofin bai sha ba. Lakar motar Gora ta dawo masa a ido. Busasshiya ce, har ta tsattsage. Motar da ke ratsa wannan kwatami kullum ba ta samun lokacin bushewa haka.

Da ya isa kasuwar kifi a Pikine, ya tarar da Gora ya gama saukewa tuntuni, yana kwance a inuwar mota ya ɗora hula a fuska. Ƙanƙarar da aka zubar daga kwandunansa tana nan dunƙule-dunƙule. Gora ya ɗaga hula ya tambaye shi ko a hanya ya tsaya cin abinci. Birame ya dube shi ya wuce.

Bayan magariba aka cika rumfar direbobi. An bar Barry shi kaɗai a ƙarshen benci. Birame ya miƙe, ya gyara murya, ya ce ya bincika ya gano mutumin, kuma ba kowa ba ne illa Gora Ndiaye.

Rumfa ta ɗauki dariya. Wani har ya buga cinya. Gora ya ɗaga hannu biyu ya ce ai tun da safe ya faɗa. Birame ya sake faɗa, fuska a ɗaure, ya kawo maganar Ya Codou da ta ƙanƙara. Ɗaure fuskar ma sai ya ƙara musu daɗi, suka ce yau Baba Birame ya fi kullum iya wasa. Wani dattijo daga baya ya ce Diop da Ndiaye su ajiye shirmensu sai an tashi, yanzu maganar cin abincin mutum ake yi. Idanu suka koma kan Barry.

Hanya ɗaya ta rage a yarda da shi, ya sa a kawo Alƙur'ani ya dafa. Amma Diop ba ya rantsuwa a kan Ndiaye. Gora ne ya shiga kabari ya karɓi gawar mahaifin Birame, shi ya yanka ragon sunan ɗansa na fari. In ya dafa littafin nan, Gora ya rasa layi, gidajen biyu kuma sun rabu ke nan har jikoki. In ya yi shiru, Barry ya tafi. Ya dubi Gora. Gora na dariya tare da kowa, amma gyaɗar da ke hannunsa ya daina ɓarewa.

Birame ya saki fuska. Ya ce muddin shi ne shugaba ba za a kori kowa a kan wankin mota ba, Barry zai yi lodi gobe kamar kowa, a jira a ji ko mutumin kamfani zai sake cewa ana wucewa. Aka yi gunaguni, aka bari.

"Ni kuma gwiwata ta gaji da birki," ya ce. "Daga gobe a motar bawana zan riƙa zuwa Dakar. Kullum. Kada ya cinye kifin mutane a hanya."

Aka sake dariya. Gora ya buɗe baki zai ce wani abu, amma Ndiaye ba ya hana Diop wurin zama. Ya ce to, sai dai ya zo da abincinsa.

Washegari suka fito daga Mbour, Birame a gefe ya ɗora hannu a taga. Ba wanda ya tsokani wani. Da suka kusa mararrabar da hanyar kuɗi ta rabu, hannun Gora ya tafi kan sigina da kansa, ya tsaya a can. Birame bai juyo ba, gaba kawai yake kallo. Gora ya janye hannun a hankali, ya miƙe tsohuwar hanya, inda tun daga nesa ake hango bayan motoci a tsaye.