Tsanin da Ke Bayan Kwat

Shekara goma sha tara ina ɗinki a gidan kayan ƙawan nan, ban taɓa tsanar mutum kamar Mai Gyale ba. Shi ne mai zana mana samfuri. Mun raɗa masa sunan ne saboda ƙyallen da yake naɗewa a wuya ko ana zuba gumi. Ko zare bai iya zurawa a allura ba, amma bakinsa ya fi almakashina kaifi.

Wata safiya ya tsaya a bayan kekena yana kallon takardar da na manna a bango. Zanen Babana ne: taga, da itatuwa marasa ganye, layukan duk suna rawa. Baba mai fenti ne, shi ya zana bangon rabin shagunan garin, har ciwon karkarwa ya kama masa hannu. Wannan ne zanensa na ƙarshe.

"Wa ya yi wannan jagwalgwalon?" in ji Mai Gyale.

Na ce mahaifina ne. Ya taɓe baki, amma sai da ya ɗauki hoton a waya.

Bayan wata biyu aka kawo mana samfurin kayan sanyi na bana. Manyan kwat na ulu, baƙaƙe da ruwan toka, kowace da layukan Baba a jiki, har da rawar. A takardar da za a raba wa baƙi ranar taron nuna kayan kuwa, wai Mai Gyale ya samo basirar ne daga wani mai zane da ya mutu shekara ɗari da suka wuce, bayan ya sha kuka a gaban aikinsa a gidan tarihi. Kuka fa, mutumin da ko albasa ba ta isa ta sa shi hawaye ba.

Na same shi a ofis. Na ce, "Ranka ya daɗe, layi ɗaya nake roƙo. A sa sunan Baba."

"Babanki yana da suna ne?" Bai ma ɗago ba. "Malama, wanda zai sayi kwat ɗin nan ba zai so ya ji mai fentin shagon aski ba. Koma kan kekenki, ko ki bar wa wata."

Na fito na koma kan kekena. Sai da na zauna da samfurin kwat ta ƙarshe, wadda za a rufe taro da ita, na ga abin da ya sa dariyar mugunta ta kusa ƙwace mini. A bayanta, daga kafaɗa zuwa ƙugu, ya zana tsani mai matakala huɗu, ta uku a karye. Baba ba ya rubuta sunansa a aiki. Tun da ya faɗo daga tsani yana saurayi, wannan ɗan tsanin yake sawa a kusurwa. Dolon ya zaci ado ne.

Na ɗauki allura. Kwana goma sha ɗaya na yi ina ɗinka shi da hannu da farin zare, kowace karkata na bi ta yadda take.

Ranar taron, da la'asar, na leƙa ta bayan labule. 'Yan mata sanye da kwat ɗin suka yi ta wucewa a kan dandamali, fuska a murtuke. Ta ƙarshe ta kai baki, ta juya. Aka yi tafi, amma a layin 'yan jarida na ga ana nuni da yatsa. Wata dattijuwa a cikinsu ta tare Mai Gyale, ta tambaye shi ma'anar tsanin.

"Hawan ruhi ne zuwa haske," ya ce, yana gyara gyale.

"To, ruhin nan yana jikin bangon shagon mahaucin unguwarmu shekara talatin," ta ce. "Alamar wani tsohon mai fenti ce."

Na fito da takardar Baba daga aljihu na miƙa mata a gabansa. Kafin a gama kwashe kujeru an ba ni takardar kora, na karɓa ko a jikina.

Washegari na kai wa Baba jarida. Ga kwat, ga zanensa, ga sunansa manya-manya. Na ɗora masa a cinya don hannunsa ba ya riƙe takarda. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya ɗinka?"

"Ni ce, Baba. Ban sauya ko layi ɗaya ba."

"Na gani, har karkarwar kika sa." Ya ture jaridar da bayan hannu. "Ita suke yi wa tafi ke nan. Ni kuwa, 'yar nan, kwana shida na yi ina ƙoƙarin layukan nan su miƙe."