Ya Gwiwar, Inna?

Gaisau tana cikin zuba ruwa a butar shayi sai ƙararrawar ƙofa ta kaɗa. Ta leƙa ƙaramin allon da ke nuna bakin get. Wata tsohuwa ce tsaye riƙe da jaka, Baba Maigadi yana yi mata tambayoyi. A tsallaken titi kuwa wata farar mota ta tsaya, akwai mutum zaune a ciki bai kashe injin ba.

Cibiyar tasu tana karɓar matan da duka ya koro daga gidajensu, kuma dokar farko da ake koya wa ma'aikaci ita ce ta baki. Ko wa ya zo neman wata, ba a ce masa tana nan, ba a ce masa ba ta nan. Magana ɗaya ake yi wa kowa, ko uba ne, ko ɗan sanda marar takarda. Gaisau ta haddace maganar tsaf. Matsalarta dai ita ce Allah ya yi ta da son gaisuwa. Ba ta iya wuce mutum ba ta tambayi gida da yara da gajiya ba, har kajin gidan sai ta ji lafiyarsu. Daga nan abokan aiki suka laƙaba mata sunan, ya bi ta.

A ɗakin ciki akwai wata tela da aka kawo daga asibiti jiya da hannu a ɗaure. An samar mata wuri a gidan ɓoye, motar da za ta kai ta can za ta zo da rana, amma tun safe ta kafe. Ita a bar ta ta tafi wurin innarta. Shugaba, mai kula da cibiyar, ta lallashe ta har ta gaji, ta tafi kotu da wata matar, ta bar Gaisau da teburin tarba.

Baba Maigadi ya shigo da tsohuwar, ya koma bakin aikinsa.

"'Yata nake nema," in ji tsohuwar, ko sallamar kirki ba ta ƙarasa ba. "Ɗinki take yi. Mijinta ya ce ta fita da fushi, an ce masa a duba nan."

"Inna, ki yi haƙuri. Ba mu da ikon cewa wata tana nan ko ba ta nan. In kina da saƙo..."

"Ke 'yar nan, ni kike yi wa karatu? Na yi jika da ke."

"Haka ne, Inna. Kowa ya zo haka muke ce masa."

Tsohuwar ta harare ta, ta juya za ta zauna a kan benci. Sai ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa. Ta dafa bango, ta cije leɓe. Gaisau ba ta san lokacin da ta zagayo teburin ba, ta riƙe ta, ta jawo mata kujera mai laushi.

"Wayyo, sannu Inna, sannu. Ya gwiwar? Allurar da aka yi miki ba ta yi amfani ba ke nan?"

Maganar na fita ta so ta kamo ta da hannu biyu. Jiya da yamma ne telar ta ba ta labarin allurar, tana kuka, tana cewa ba ta san wanda zai raka innarta asibiti ba in ta tafi.

Tsohuwar ta ɗago kai a hankali. "Wa ya ce miki an yi mini allura?"

Butar shayi ta fara huci a bayanta.

"Daga ni sai ita muka je. Ko 'ya'yana maza ba su sani ba."

Tsoro ya kama Gaisau. Telar ta faɗa musu da bakinta cewa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, wannan uwar ce ke kama hannunta ta mayar da ita gidan mijin, tana cewa aure ɗan haƙuri ne. Yanzu ga shi ta sani, ga mutumin farar motar a waje, wanda ba shakka mijin ne, Shugaba ba ta nan, kuma Baba Maigadi ba wani ƙarfi gare shi ba.

Tsohuwar ta zuba wa ƙofar ciki ido, ta daɗe. Gaisau ta matsa ta tsaya a gabanta.

"Matsa can, ba shiga zan yi ba." Ta ɗora jakar a cinya. "Mijin ya ce mini tsantsi ne ya ja ta a banɗaki."

Ta ɗago ta kalli Gaisau.

"Bara ma tsantsi ne. Lokacin haƙorin nan ma tsantsi." Ta girgiza kai. "Gidan nan nasu tsantsi ya yi masa yawa."

Hon ɗin mota ya tashi daga waje. A allon, mutumin ya fito, ya tsallako titi, yana nuna wa Baba Maigadi agogon hannunsa. Dogo ne, tsaf da shi, irin wanda za ka ba ajiya ba ka yi tunani sau biyu ba.

Tsohuwar ta yunƙura ta miƙe.

"Inna, don girman Allah, don darajar iyayenki..."

"Rufa mini baki. Bakin naki ya gama aikinsa na yau."

Ta fita tana ɗingishi. Gaisau ta danna maɓallin sauraron get da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana kan waya da lambar 'yan sanda a buɗe.

Mutumin ya rusuna. "Inna, tana ciki?"

"Ba ta nan."

"Sun dai ɓoye miki ita. Na san halinsu, raba aure ne sana'arsu. Bari in shiga da kaina."

"Ka shiga ina? Ɗaki ɗaki aka zaga da ni, da wannan ƙafar tawa, har ma'ajin kayan shara na leƙa. Tun da ka san ni, ka taɓa jin na yi ƙarya?"

"A'a, Inna, ba haka nake nufi ba."

"To wallahi ba ta nan. Ka ji na rantse. Kai ni gida, ƙafata za ta kashe ni."

Ya tsaya yana kallon ginin, taga bayan taga. Ya ɗago ido ya kalli kyamarar, har Gaisau ta ja da baya kamar yana ganinta. Daga nan ya tsallaka, ya buɗe wa surukarsa ƙofar mota. Tsohuwar ba ta waiwayo ba.

Gaisau ta kira Shugaba, ta faɗa mata komai ba ta rage ba. Shugaba ta yi ajiyar zuciya. "Ni da ke sai na dawo. Amma yau dole ta bar nan. In kuma ta ƙi, ba ma ɗaure kowa. Je ki gaya mata gaskiya."

Telar tana zaune a bakin gado, ta ɗora hannun mai ciwo a kan matashi. Gaisau ta durƙusa a gabanta, ta ba ta haƙuri, ta kwashe labarin duka ta faɗa mata.

"Inna ta zo nan?" in ji telar. "Ta ce a ce mini in yi haƙuri in koma, ko?"

"A'a."

"To me ta ce?"

"Ce masa ta yi ba kya nan. Har da rantsuwa."

"Rantsuwa? Inna?" Telar ta buɗe baki tana kallonta. "Matar da ko farashin zare ba ta bari in ƙara wa mai kawo ɗinki?"

Ta sunkuyar da kai. Hawaye ya ɗiga a kan bandejin, ta sa gefen mayafi ta goge. Gaisau tana jiran ta ce a kai ta gidan innar, ta rasa abin da za ta amsa mata in ta faɗa.

Telar ta jawo jakarta daga ƙarƙashin gado da ƙafa.

"Anti, zuge mini zif ɗin nan, ba na iyawa da hannu ɗaya. Ki kira mai motar ya zo yanzu." Ta ja hanci. "Ta rantse ba na nan. Kar in bar ta da ƙarya."