Goshin Baba

Babanmu tela ne, kuma in dai ɗaure fuska ce, kaf layinmu ba shi da na biyu. Tun muna yara, sai mun leƙa goshinsa kafin mu roƙi abu.

Ran nan da safe yana shan shayi, sai muka ga yana zubo masa ta gefen baki. Bakin ya karkace, idon hagu ya ƙi rufuwa. Gabana ya faɗi, don shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da kakanmu har ta tafi da shi, kuma shi ma daga baki ta fara. Muka ɗauke shi a mota zuwa asibiti. Baba sai murza yatsunsa yake yi, na san keken ɗinkinsa yake tunani.

Likitar da muka samu ba ta tura mu ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ba, abin da ya ƙular da ni. Sai ta sa ya matse mata yatsu, ya ɗaga hannuwa, ya taka zuwa ƙofa ya dawo, ya faɗi sunayen 'ya'yansa. Ya lissafo mu tsaf, har da ƙarin cewa ba ma jin magana.

"Baba, ɗaga min gira," in ji ta. "Yanzu haɗa rai, kamar yaran nan sun ɓata maka yadi."

Ɓangaren dama ya tattare yadda muka saba. Na hagu kuwa sumul, ko gezau. Mama ta fashe da kuka, wai har goshin ya tafi.

Likita ta dafa ta. "Mama, goshin nan ne ya kwantar min da hankali."

Ta ce goshi daga ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwa yake karɓar umarni, don haka da can ciki abin ya taɓa, da goshin ya motsa, baki kaɗai zai karkace. Tunda rabin fuskar gaba ɗaya ya kwanta, hannu da ƙafa kuma lafiya lau, jijiyar da ke fitowa ta bayan kunne ce ta kumbura, kuma yawanci tana warwarewa. Ta ba shi magani, ta koya min yadda zan riƙa rufe masa idon kada ya bushe. Har yau ina yi wa matar nan addu'a.

Washegari ya koma kan kekensa. Bayan 'yan makonni na ɗauki almakashinsa na yanka kwali, ya kama ni. Ya haɗa rai, goshin ya tattare daga wannan gefe har wancan. Na tsaya ina kallonsa ina murmushi, hawaye na zubo min.

"Ke, faɗa fa nake miki," in ji shi.

"Na sani, Baba. Ci gaba."