Ɗigon da Auta Ta Goge

Aikin Auta a shagon hoto shi ne goge abin da Allah ya ɗora wa mutane a fuska. Ƙuraje, tabo, baƙin ƙasan ido, duk da linzamin kwamfuta take share su, har amarya ta karɓi hotonta ta tsaya tana tambayar 'yar waye wannan. Ba wanda ya koya mata. Shara aka ɗauke ta yi, ta yi ta leƙen hannun Maigida har ta fi shi, shi kuma ya koma kujera yana gaya wa mutane shi ya horar da ita.

A ƙofar shagon akwai tsohuwar bishiya. A inuwarta Babanta yake gyaran agogo, kan tebur mai ƙafa uku da bulo ɗaya, shekara talatin da ɗaya ke nan. Ranar Litinin ma'aikatan hanya suka shafa wa bishiyar jan fenti, suka ce Asabar za a sare ta a faɗaɗa titi.

"Ni kuma in zauna ina?" in ji Baba.

"Ai babu kai a takarda, Baba," in ji mai fentin, ya ɗauki bokitinsa.

Ana haka sai ga Dakta ya zo wanke hotuna. Ba likita ba ne, ba kuma wanda ya taɓa ganin takardarsa. Rigarsa aljihu goma sha huɗu gare ta, bakin kyamararsa kamar bututun ruwa, kuma shi ne shugaban ƙungiyar masu ɗaukar hoton tsuntsaye, mai mambobi huɗu har da direbansa. Ya tarar da Baba yana ta ɗaga kai sama.

"Ni ba ta kaina nake ba," in ji Baba. "Wata 'yar mitsitsiya ce ta yi sheƙa a can. Ruwan toka, da baƙin ɗigo a maƙogwaro. Kullum tare muke buɗe aiki."

Dakta ya cire tabarau. Ya faɗi wani sunan boko da ya fi tsuntsuwar tsawo. Ya ce in dai ita ce, aka kai hotonta a kan sheƙa da sa hannun ƙungiyarsa, ofishin hanya ba shi da ikon taɓa bishiyar.

Wuni biyu Dakta ya yi yana harbi da kyamara. Ya samu ganye, ya samu wayar lantarki, ya samu jelar ƙadangare. Ranar Laraba da safe Auta ta ari kyamarar shago, ta zauna a bencin Baba awa uku har wuyanta ya sage, ta samu guda ɗaya tak. Tsuntsuwa a bakin sheƙa, ɗigon nan ras a maƙogwaro, sai dai hoton ya ɗan yi duhu.

Dakta ya duba ya taɓe baki. "Yarinya, hoton nan ba ya numfashi. Babu ruhi. Ba zan ɗora sunan ƙungiya a kan wannan ba. Ki gyara shi."

"Yallaɓai, numfashin a wane wuri ake danna shi?"

"Ke dai gyara."

Tsakanin amarya da amarya ta gyara shi. Ta ƙara haske, ta cire wayar lantarki da ta gitta, ta sa wa idon ɗan ƙyalli. Maigida yana ta kiranta, wata uwar ango tana tsaye a kanta tana cewa a rage mata haɓa. Hannun Auta, wanda ya shekara shida ba ya ganin baƙi a fata ya ƙyale, ya wuce ta maƙogwaron tsuntsuwa ya yi aikinsa. Ta ajiye sabon a kan na asali, don dokar shagon ke nan: kwamfuta ta cika, ba a ajiye wa kowa fuska biyu. Katin kyamara kuwa Maigida ya share shi ya tafi ɗaukar 'yan makaranta.

"Yauwa!" in ji Dakta da ya ga an wanke. "Yanzu ta yi numfashi."

Ranar Alhamis suka je ofis su uku, Baba ya sa rigarsa mai guga. Jami'in ya buɗe littafin tsuntsaye da Dakta ya kawo, ya dubi littafi, ya dubi hoto.

"Ina ɗigon?"

Auta ta leƙa. Maƙogwaro sumul, kamar kumatun amarya.

"Irin wannan ai ita ke shigo mana ta taga tana tsintar ɓurɓushin biredi," in ji jami'in. "Ku kawo mai ɗigo kafin a tashi gobe."

Da suka koma shago, mayar da ɗigon bai ci wa Auta minti biyu ba. Baba ya tsaya a bayanta yana cewa ɗan sama kaɗan, ɗan rage shi, yauwa, ita ce sak. Dakta ya naɗe hannu a ƙirji.

"Wannan ƙage ne. Ni ba na sa hannu a kan ƙarya."

"Da na cire waya, na zuba mata hasken da babu shi a ido, ka ce ta yi numfashi," in ji Auta.

"Cirewa gyara ne. Ƙarawa ha'inci ne. Haka ƙa'idar ƙungiya ta ce."

"Wa ya rubuta ƙa'idar?"

"Ni."

Ranar Juma'a tun da hantsi Auta take ƙarƙashin bishiya da kyamara. Amma ma'aikata sun riga sun kawo motocinsu, injuna na ta ruri. Sau ɗaya tsuntsuwar ta zo. Ta sauka a reshe, ta juya wa Auta baya, ta girgiza jela, ta tashi. Hoton ya fita tas, kowane gashi ana ƙirga shi. Sai dai na bayanta ne.

Asabar zarto bai yi minti arba'in ba. Dakta ya zo da rigarsa mai aljihu, ya durƙusa ya ɗauki faɗuwar bishiyar ta fuska uku, ya ce wannan zai girgiza mutane a baje kolin ƙungiya. Baba ya tsinci sheƙar a cikin ganye, ya sa ta a aljihun tebur tare da matattun agoguna. Auta ta kama masa teburin suka jingina da bangon shago, inda rana ke dukan mutum tun daga hantsi har la'asar.

Ta miƙa masa hoton da aka wanke, na farkon, marar ɗigo, don ba ta san inda za ta kai shi ba. Baba ya maƙala gilashin gyaran agogo a ido, ya daɗe yana dubawa.

"Ta yi kyau, Auta," ya ce. "'Yar waye?"

Daga ciki Maigida ya ƙwala mata kira, wai ga amarya nan tun ɗazu, kuma fuskar tata aiki ce. Auta ta tsallake reshe ta shiga.