Zanin Inna Turai

Tiren gyaɗa ne ya fara faɗuwa, sannan Inna Turai ta bi shi. An fito hutun ƙarfe goma, yara sun cika ƙofar lakwal, wato makarantar boko, amma da suka ga bakinta ya karkace, miyau na dalala a kumatunta, sai suka watse. Nasiba kaɗai ta rage.

Nasiba 'yar Labbo ce, Bafulatanin da ya zauna a ƙauyen nan na kusa da Bande da shanunsa da 'yar gonarsa. Shekararta goma, kuma tana da farfaɗiya. Kowa a garin ya taso da jin cewa wanda miyaun mai farfaɗiya ya taɓa, to ya ɗauka. Don haka benci guda ita kaɗai, moɗarta ma daban a gindin randa. Inna Turai maƙwabciyarsu ce, zana ce ta raba gidajen. Ba ta da ɗa, mijinta ya daɗe da rasuwa. Duk sanda Nasiba ta faɗi, ita ake rugawa a kira. Sai ta warware tsohon zanin da take gammo da shi, ta ninke shi a ƙarƙashin kan yarinyar, ta juya ta gefe, ta share mata baki da hannu. In ta farfaɗo ta ce, "Tashi, Bafulatana, kin sa kaji sun yi biki da gyaɗata." Don ita Labbo ya yarda 'yarsa ta zauna a lakwal.

Ran nan Nasiba ta yi wa tsohuwar abin da ta saba yi mata, har Madam Sa'a, malamar ajinsu, ta iso da gudu. Aka kai Inna Turai gidan likita a amalanke. Aka ce hawan jini ne ya taɓa kai, aka dawo da ita gida ba baki.

Washegari Nasiba ta ɗauki ƙwaryar nono za ta shiga gaishe ta. A bayan zana ta ji mata biyu suna magana.

"Shekara uku tana dangwalar miyaun yarinyar nan. Ai mun faɗa mata."

"Kin ga faɗuwar kuwa? Iri ɗaya sak."

Nasiba ta ajiye ƙwaryar a bakin ƙofa. Ta hango Inna Turai kwance a tabarma, idonta a kanta, hannun da ke motsi yana bubbuga ƙasa, alamar ta zo. Ba ta shiga ba. Tana tsoron kada ta ƙara mata. Haka ta yi a rana ta biyu da ta uku, ta ajiye nono ta juya. Ranar Alhamis da hantsi ta ji salati ya tashi ta bayan zanar.

Ba ta koma lakwal ba. Bayan sadakar uku Madam Sa'a ta yi sallama gidansu, zanin nan ninke a hannunta. Labbo yana gyaran igiyar shanu.

"Malam Labbo, ɗalibata na zo ɗauka."

"Madam, wa zai riƙe ta? Mai riƙe ta tana ƙasa. Mutane kuma kin ji abin da suke faɗa."

"Na ji. A gabana likita ya auna Inna Turai, ba ciwon Nasiba ba ne, kuma na Nasiba ma ba a ɗaukarsa. Ka ba ni sati guda."

Ya daɗe yana murza igiyar. "Sati guda," in ji shi.

Madam tana da wata al'ada da safe. Ƙwarya biyu take ajiyewa gaban allo, ta masu farin ciki da ta masu damuwa, kowane yaro ya jefa tsakuwa inda zuciyarsa take, wanda ya so ya faɗi dalili. Ran da Nasiba ta dawo, Madam ce ta fara jefawa, a ƙwaryar damuwa.

"Inna Turai ta faɗi a ƙofarmu, muka gudu," in ji ta. "Ni ma shekara biyu in Nasiba ta faɗi sai in ce a kira Inna, ina tsaye daga nesa. Ban kyauta ba. Nasiba, zo ki koya mana."

Ta shimfiɗa tabarma ta kwanta. Ɗahiru, sarkin surutun aji, ya ce, "Madam ta suma, yau ba lissafi!" Aka yi dariya kaɗan. Nasiba ta tsuguna, ta sa mata zanin a ƙarƙashin kai, ta juya ta gefe.

"Ba a sa komai a baki," ta ce can ƙasa-ƙasa. "Ba a dannewa. Sai a jira."

Da Madam ta tashi, ta ɗauki moɗar Nasiba ta ɗebi ruwa ta sha. Washegari yara biyu ba su zo ba, iyayensu sun hana.

A rana ta biyar ciwon ya zo wa Nasiba ana tsakiyar karatu. Da ta fara dawowa hayyacinta, ƙanshin man gyaɗa ta fara ji a ƙarƙashin kumatunta. Ta jira a ce mata Bafulatana. Ba wanda ya ce. Madam ce durƙushe, tana share mata baki da tafin hannu. Yawancin yaran suna waje suna leƙe ta taga. Ruma'isa, wadda ke zama a bencin baya, ba ta matso ba, amma ba ta fita ba. Tana tsaye riƙe da takalmin Nasiba da ya fice.

Nasiba ta dubi jiƙaƙƙen hannun Madam, wanda ba ta yi gaggawar wankewa ba. Nan ta gane ba ita ta kashe Inna Turai ba. Ta kuma gane cewa kwana ukun nan da tsohuwar take bubbuga ƙasa, kamata ya yi ta shiga.