Tsintsiyar Kawu Rade

"Ba haka ake ɗaura ta ba," in ji Kawu Rade daga kan gado. "Bakinta sama yake kallo. Ko titi za ki share wa gwamnati?"

Zlata ta kwance igiyar ta sake ɗauri. Tsintsiyar dawa ce da aka rage wa ƙota, ana soka ta a ƙaramar jakar goyo ta yadda bakinta zai ɗara kan mutum. Ta goya jakar, ta tsaya a gaban gadon tana sauya ƙafa.

"Zauna mana, Zomo. Kina sa ni jiri."

"Ka san ba na iya zama ranar jajibirin tsere."

"Wace rana kike iya zama? Shekara da shekaru ina jin diddigenki a saman kaina. Borka, gaya mata."

"Ba ruwana da ku," in ji matarsa daga madafa.

Bene ɗaya suke a wata unguwa mai suna Liman a birnin Novi Sad na ƙasar Sabiya, Zlata a saman su Rade. Shi tsohon direban bas ne da ya fara gudu bayan ya yi ritaya, kuma bai taɓa cin ko cokali a tsere ba. Amma duk kaka, idan ƙungiyarsu ta shirya gudun kilomita goma don tallafa wa ɗakin yara na asibiti, shi ne tsintsiya: mutumin da ke bin bayan kowa, don kada a bar wani a hanya, kada kuma wani ya koma gida da sunan na ƙarshe.

Da bazara ya fara ramewa. 'Yan ƙungiya suka yi ta taya shi murna. Gavra, shugabansu, ya daki cikin Rade a bakin kogi ya ce, "Tsoho, ina tumbin? Bana sai ka bar tsintsiya ka dawo gaba." Mata suka riƙa tambayarsa me ya daina ci. Shi kansa ya yarda, har ya ƙara rami a bel ɗinsa yana nuna wa mutane. Ciwon da ke cizonsa a ƙasan haƙarƙari kuwa, kowa ya ce ciwon gefe ne na masu gudu, ya gyara numfashi zai wuce. Da aka je asibiti a ƙarshen damina, likita ya ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya yi nisa. Aka ba su magunguna suka dawo gida.

"Doka ɗaya ce," in ji Rade. Muryar ta shige ciki, sai da Zlata ta matso. "Ba kya wuce kowa. Ya tsaya, ki tsaya. Ya yi amai, ki kalli kogi. Kuma kada ki ce masa saura kaɗan. Ƙarya ce, sun kuma sani."

"To me zan ce masa?"

"Tambaye shi me matarsa ta dafa."

"In mace ce fa?"

"In mace ce ki yi shiru, ita za ta ba ki labari."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Borka ta shigo da ruwa ta tallabo kansa, ta yi wa Zlata nuni da ido ta fita.

A barandar shiga Zlata ta same ta. Borka ta rage murya. "Likita ya zo da safe. Ya ce kada mu yi nisa."

"To bari in ce Gavra ya nemi wani."

"Nemi wani, ki ga ko tsohon nan zai sake yi miki magana. Ke ya zaɓa. Ya ce a cikin duk ƙungiyar ke kika fi buƙatar ta."

Zlata ta kalli ƙofar ɗakin. Mahaifinta ya rasu tana Jamus tana aikin jinya, a waya aka gaya mata, tana tsaye a gaban injin wanki. Da ta dawo gida bayan mutuwar aurenta, Rade ne ya ƙwanƙwasa mata ƙofa wata safiya ya ce ta sa takalmi ta biyo shi, tunda dai ta hana shi barci da zirga-zirga. Tun ranar da aka dawo da shi daga asibiti ta ƙudurta abu guda: wannan ba a waya za a ba ta labarinsa ba.

"Goggo Borka, in wani abu ya canza ki kira ni. Ba nisa."

"Zan kira."

Washegari iska ta taso daga kogin Danube, mai sanyi, tana kaɗa tutocin da aka jera a bakin ruwa. Aka busa usur. Waɗanda Zlata ta saba gogayya da su suka ɓace a kwanar farko, ita tana tsaye tana jiran jama'a su gama wucewa. Wata mata ta nuna ta ta ce wa ƙawarta, "Bana mayya mai hawa tsintsiya suka samo."

Gudun a hankali ya fi mata ciwo fiye da na sauri. Gwiwoyinta suka riƙa ƙaiƙayi. Ta taka dugadugan mutane sau biyu ta ba da haƙuri. Ta ciro waya daga aljihun ƙugunta ta duba, ta mayar, ta sake cirowa. A hankali 'yan bayan suka ragu: wasu mata biyu masu tura keken jarirai suka ja gaba, wani dattijo mai sanduna ya bi su. Kafin a kai rabin hanya, mutum ɗaya ya rage mata, wani ƙato mai jar riga da ke numfashi kamar zugazugi.

"Stevan," ya ce ba tare da ya waiwayo ba. "Mai gidan burodin bayan kasuwa. Ina tsohon?"

"Yana gida."

"Bara shi ya raka ni, na zube a gindin gada. Ya ce bana zai shigar da ni ko da a baro ne. Kwanaki na hango shi ya zama kamar sanda, na ce lalle tsohon nan ya samo sirrin. Me yake ci ne?"

"Ajiye numfashinka," in ji Zlata.

Suna hawa gadar dawowa wayar ta yi kuka.

"Zlata," in ji Borka. "Numfashinsa ya canza. Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin san irin wanda nake nufi."

"Yana magana?"

"Kaɗan."

"Ina zuwa."

Ta kira Gavra. Wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba, alhali tana jin muryarsa daga nesa a lasifika yana kiran sunayen masu shiga. Ta duba gaba da baya, babu ɗan ƙungiya ko ɗaya. Daga saman gadar tana hango benensu, har da barandar Borka mai jan fure. Da ƙafarta, kafin a tafasa gahawa ta isa. Da ƙafar Stevan kuwa, sai abin da Allah ya yi, don ya riga ya koma tafiya, hannu a ƙugu.

"Maigida, ɗaga ƙafa mana."

"Baiwar Allah, ita ce a ɗage haka."

"Ka bi tutocin nan, ba za ka ɓata ba."

Ya sunkuyar da kai yana haki. Ta wuce shi.

Ƙafafunta suka buɗe kamar an kwance su daga mari. Ta gangara gadar, ta kai mahaɗar da ke ƙasa, ta wuce ɗan sandan da ke tsare hanya. Ba ta yi nisa ba ta ji usur a bayanta, sai ƙarar ƙarfe a kan kwalta. Ta waiwaya. Ɗan sandan ya janye shingen. Motocin da suka daɗe a tsaye suka kwararo kan gadar, masu teburin ruwa suka fara kife kofuna a buhu. A tsakiyar titi, can sama, jar rigar Stevan ta tsaya cak, bas na yi mata oda.

Ta san da haka, kowa a ƙungiyar ya sani. Masu tsare hanya ba sa ƙirga mutane. Tsintsiya suke jira.

Ta tsaya tana haki. Ta kalli hanyar gida, ta kalli gadar. Sai ta zagi iska, ta juya.

"Rufe! Akwai mutum a baya!"

"Madam, tsintsiya ta wuce," in ji ɗan sandan. "Ni abin da aka ce mini ke nan."

"Ba ta wuce ba. Ga ta a gabanka."

"Yanzu na gan ki da idona kin..."

"To ka ga na dawo da idon naka. Rufe hannu ɗaya, don Allah."

Ya yi tsaki, ya ja shingen ya tare rabin titin. Zlata ta hau gadar tana kutsawa tsakanin motoci, wani direba ya leƙo ya ce ta hau tsintsiyar ta tashi sama mana. Ta tarar da Stevan ya manne da ƙarfen gefe, fuskarsa ta yi ja kamar rigar.

"Na ɗauka an tashi," ya ce. "Bar shi kawai. Zan kira ɗan'uwana ya zo da mota. Na ga kina sauri."

Ta buɗe baki. Kalma ɗaya za ta faɗa, "to", kuma shi ya nema da kansa. Ta dubi yadda yake kallon takalmansa, sababbi, waɗanda ba su san komai ba sai wannan safiyar.

"Ba inda za ni," ta ce. "Wuce gaba. Ni ba na shiga gaban kowa."

Suka gangara. Yana tafiya, yana ɗan sassarfa, yana komawa tafiya. Ita tana bayansa taku guda, tana cizon leɓe, tana kallon tsakiyar bayansa inda gumi ya zana taswira. Suna shiga titin bakin kogi wayar ta sake motsi a ƙugunta. Ta ɗora hannu a kanta. Ba ta ciro ba. Wayar ta yi ta motsi a ƙarƙashin tafin hannunta har ta gaji ta yi shiru.

"Ba za ki ɗauka ba?"

"A'a." Ta janye hannunta daga ƙugu. "Me matarka ta dafa yau?"

Ya waiwayo yana mata kallon mamaki. "Kabeji da niƙaƙƙen nama. Tun jiya ta naɗe su. Ta ce in na shiga da ƙafata in ci shida, in a mota aka kawo ni in ci burodina." Ya ja numfashi. "Ta san ba na cin burodina."

Ya yi ta ba ta labarin kabejin, da surukarsa da ke cewa tsami bai isa ba, da tukunyar ƙasa da suka gada. Bai sake tsayawa ba.

Da suka iso, ma'aikata sun fara naɗe tutoci. Gavra ya hango bakin tsintsiyar ya ɗauki lasifika. "Ku dakata! Ga mai burodi nan! Ku tafa masa, 'yan rowa!" 'Yan tsirarun da suka rage suka tafa. Stevan ya taka layin ya durƙusa a kan gwiwoyinsa. Zlata ta taka bayansa, ba ta tsaya ba. Ta ji Gavra na kiranta, "Zomo! Ina kuma za ki?"

Ba ta taɓa gudu irin na wannan rana ba, ba kuma wanda ya auna. Ta ratsa filin wasan yara, ta tsallake shingen fure, ta hau matakala bibbiyu. Ƙofar su Rade a buɗe take har bango. A unguwar kowa ya san ma'anar wannan: an yi rasuwa.

Tsintsiyar ta maƙale a saman ƙofar ta fizgo ta baya. Borka ta fito daga ɗaki, ta riga ta ɗaura baƙin kallabi. Ta zagaya bayan Zlata ta kwance jakar da kanta, ta jingine ta a lungu.

"Na kira ki."

"Na ji."

"Na biyun ba don ki zo ba ne."

"Na sani, Goggo."

"Ya tambaye ni wa ke ƙarshe. Na ce ina zan sani, ni da nake nan riƙe da hannunka. Ya ce in buɗe taga ko zai ji lasifika. Na buɗe. Ba abin da iska ta kawo sai ƙarar motoci." Ta gyara kallabin. "Shiga. Ban rufe masa fuska ba tukuna."

An miƙar da shi, an haɗa hannayensa a ƙirji. Kyandir na ci a kan kujerar gefen gado, iskar taga na kwantar da harshensa. Zlata ta tsaya a wajen ƙafafunsa, gumi na ɗiga daga haɓarta zuwa kan dardumar.

"Stevan ne, Kawu," ta ce. "Mai burodi. Da ƙafarsa ya shiga."

A bayanta wani abu ya zame ya faɗi. Tawul ɗin da Borka ta lulluɓe madubin kabad da shi ne, kamar yadda ake yi in an yi rasuwa. Borka ta ɗauka ta mayar, ya sake zamewa.

"Tun ɗazu yake yi mini haka," ta ce.

Zlata ta dubi ƙirjinta. Lambar tseren tana nan manne da rigarta. Ta ɓalle fil ɗin ɗaya bayan ɗaya, takardar ta faɗi ƙasa. Borka ta riƙe tawul ɗin ta gefe guda, ita ta ɗaga duga-dugai ta soke shi a bayan katakon madubin. Suka ja da baya suna kallo. Iska ta kaɗa gefensa, ya ɗan ɗaga, ya koma ya kwanta.